Yadda Ake Yanke Kuɗin Surfanin Keke: Shawarwari 13 ga Masu Sana'a a Gida da Shago

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har can Doguwa, da wuya a ratsa gari ba a ji kukan keken ɗinki ba. A shagunan bakin titi samari sun duƙufa kan wuyan kaftani da aljihun babbar riga. A cikin gidaje mata suna fitar da fure a zanen gado da rigar filo da bakin mayafi. Gwaninta akwai ta, masu kawo aiki ma ba sa yankewa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen faɗin kuɗi. Da yawa ba lissafi ne ke yanke musu farashi ba: ko dai su leƙa abin da maƙwabci yake karɓa su bi sahu, ko kunya ta sa su ce "ba da abin da ya sauwaƙa". Sai wata ya ƙare a tarar kuɗin zare ma da ƙyar ya dawo, ga ciwon baya, ga ido ya fara yaji.

Farashin da zai riƙe gida daga ƙasa ake gina shi: abin da aka kashe, da lokacin da aiki ya ci, da rabon keke, sannan riba. Shawarwarin nan sun shafi mai keken ƙafa da mai keken 20U da mai keken Tinko, mace ko namiji. Kuɗaɗen da ke cikin misalan na koyon lissafi ne kawai, kowa ya cire su ya sa na kasuwarsa ta yau.

1. Ku ƙirga ayyukan da ke cikin aiki ɗaya

A 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano, ya tarar tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar nan suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Babbar rigar wancan zamani ba ta fita daga hannun mutum guda. Masaƙi ya saƙa, marini ya rina a Kura ko Ƙofar Mata, maɗinki ya haɗa, mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas, mai surfani ya bi zanen da allura, mai bugu ya fito da sheƙi, dillali ya kai kasuwar Kurmi. Kowannensu da ladansa, kuma duk a jikin kuɗin rigar yake fita.

Yau mai keke shi kaɗai ya gaje yawancinsu. Shi zai zaɓi zane ya kwafe a jikin yadi, ya liƙa gam a baya, ya ɗaure yadin ya miƙe, ya yi surfanin, ya bi da almakashi yana tsince bakin zare, ya goge, ya ninke. Amma in aka ce nawa ne, zaman da ya yi a kan keke kaɗai yake tunawa. Ku sami takarda ku jera duk abin da hannunku yake yi tun daga karɓar yadi har miƙa shi ga mai shi. A kan wannan jeri sauran lissafin zai hau.

2. Ku auna zare, kada ku ƙiyasta

Hanyar mai sauƙi ce. Ranar da kuka ɗora sabon kwarkwaro, ku rubuta. Duk aikin da kuka gama da shi ku ja layi, har ya ƙare. In kwarkwaron naira 2,000 ya yi wuyan kaftani huɗu, kowane wuya ya ci naira 500 ke nan. Haka za ku yi wa zaren ƙasa, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Su gam da allura da alli da man keke da gawayin guga da ledar sa kaya, ku tara abin da kuka kashe musu a wata ku raba da yawan aikin watan.

Abu biyu ku kula da su. Na ɗaya, in mai kaya ya nace sai wani launi da ba a cika nema ba, kwarkwaron gaba ɗaya a kansa yake, don ragowar tana iya shekara a akwati. Na biyu, ku yi lissafi da kuɗin da za ku sake sayo zaren yau, ko da tun bara kuka saye shi da rahusa. Wanda yake sayar da aiki da tsohon farashin zare kamar manomin da ya tuƙa tuwo da irin shukarsa ne: ya ƙoshi yau, damina ta same shi hannu wofi.

Kafin ku sa sabon zare a kayan mutane, ku jiƙa ɗan guntunsa a ruwan zafi da sabulu ku matse a farin ƙyalle. In ya zuba, ku bar shi komai sauƙin kuɗinsa. Araha ba ta ado, kuma farar shadda ɗaya da jan zare ya ɓata za ta cinye ribar wata.

3. Ku sa wa awarku kuɗi

Nan ne asarar ta fi yawa, musamman ga matan da ke aiki a gida. Tunda ba haya suke biya ba, kuma tsakanin girki da raino suke zama kan keke, sai su ɗauka lokacin kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Awar da aka yi ana surfani, da an yi ta wajen suyar awara ko ƙuli-ƙuli ko gyaran shinkafa, da ta kawo wani abu.

Ga ma'aunin da za a fara da shi. A 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, gwamnatin Kano ta sa nata naira 71,000. Ku raba 71,000 da kwanakin aiki 26, za ku sami kusan naira 2,730 a rana. In aka raba da awa takwas, awa ɗaya ta kama kimanin naira 340. Sai dai babu mai surfanin da keke ke juyawa a hannunsa awa takwas cur. Akwai ciniki, akwai jiran wuta, akwai zuwa sayen kaya, akwai gyaran keke. In awa biyar ce ta ainihin aiki, to awa ɗaya ta tashi kusan naira 550. Wannan kuwa albashin wanda bai koyi komai ba ne. Wanda ya shekara uku a gaban maigida kafin a yaye shi bai kamata ya tsaya a nan ba.

Wasu sun fi gane ma'aunin gona: nawa ake biyan ɗan ƙwadago a wunin noma ko yankan shinkafa a garinku? In wunin surfani bai kai wannan ba, da sake.

Don sanin awannin, ku ajiye waya kusa da keke, ku rubuta lokacin farawa da na tashi. Ku yi wa zane ɗaya haka har sau uku, ku ɗauki matsakaicin. Yawanci abin da mutum yake cewa "aikin awa biyu ne" yakan haura uku.

4. Keke ma yana da rabonsa

Keke yana tsufa ko ana so ko ba a so. Bel zai saki, wurin zaman kwarkwaron ƙasa zai cinye, mota za ta ƙone, wata rana kuma sai an sake sabo. A ce kun saye shi naira 300,000, kuna fatan ya yi muku shekara biyar. Wata 60 ke nan, kowane wata naira 5,000. In kuna gama aiki 25 a wata, kowane aiki yana bin ku naira 200. Ku ƙara wani abu na mai gyara, tunda a garuruwa da yawa sai an ɗauko shi daga nesa ko an ɗora keken a mota.

Wannan kuɗi ya sami mazauninsa daban, asusu ko adashi, kada ya haɗu da na cefane. Ko keken kyauta ne, daga miji ko iyaye ko wani shirin tallafi, ku cire rabonsa. Wanda ya ba ku na farko ba lalle ya ba ku na biyu ba.

5. Wuta da fetur su shiga lissafi

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Oktoba na 2024 kuma yawancin Arewa, har da Kano, sun fi mako babu wutar lantarki. Duk wanda bai taɓa farashinsa ba a tsakanin nan, daga aljihunsa yake biya wa mutane ado.

Ku zuba lita ɗaya cif a janareta, ku kunna keke da fitila kamar kullum, ku ga awa nawa za ta kai. Kun sami kuɗin awa ɗaya ke nan, sai ku ɗora na baƙin mai. In wutar gwamnati takan zo wani lokaci, kada ku yi farashi biyu, na ranar wuta da na ranar janareta, don rigima kawai zai jawo. Ku duba wata guda, ku ga nawa ya tafi a wuta da mai baki ɗaya, ku raba wa ayyukan watan. Mai sola shi ma ya tuna batir yana mutuwa, ya yi masa lissafi irin na keke. Mai keken ƙafa ba ya sayen mai, amma aikinsa ya fi cin lokaci, nasa kuɗin a awanni zai fito.

6. Kuɗin mota ba na aljihunku ba ne

Zare mai kyau da gam da allurar keke, yawanci sai an shiga Kano, Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, yadi kuma Kantin Kwari. Ga mutumin Bebeji ko Kwanar Ɗangora tafiyar safe ce a dawo da rana. Ga na Tudun Wada wuni ne. Wanda ya taso daga Riruwai ko Doguwa kuwa sai ya keta dajin Falgore, shi ya sa wasu ke gwammace su nufi Saminaka. Saboda haka kwarkwaron da aka saya kuɗi ɗaya a Kano, ba kuɗi ɗaya ya iso waɗannan garuruwa ba, kuma ba daidai ba ne mai aiki a Doguwa ya kwafi farashin mai shago a Fagge.

Ku haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da na adaidaita sahu, da abincin rana, ku raba a kan kayan da kuka sayo. Hanyar rage shi ita ce sayayya da yawa a tafiya ɗaya, ko masu sana'a huɗu ko biyar su haɗa saƙo mutum ɗaya ya je, ko a ba amintaccen direba. Azumi in ya gabato, ku yi sayayyar tun watan Sha'aban bai raba ba, kafin kasuwa ta cushe.

7. Ku haɗa lissafin, sannan ku ɗora riba

A ce kaftani ne, za a yi masa wuya da aljihu da bakin hannu, aikin awa uku:

Zare sama da ƙasa, naira 700.
Gam da allura da mai da guga, naira 300.
Wuta ko fetur, naira 900.
Rabon keke, naira 200.
Rabon mota da haya, naira 300.
Ladan awa uku, naira 1,650.

Jimla naira 4,050. Wannan ba farashi ba ne tukuna, iyaka ce: ƙasa da ita faɗuwa ce. A kanta ake ɗora riba, a ce ɗaya bisa biyar, naira 810. Ya zama 4,860, sai a cike shi 5,000.

Mutane da yawa suna haɗa lada da riba su ɗauka abu ɗaya ne. Lada na gumin da kuka yi ne, shi ake ci a gida. Riba ta sana'ar ce: da ita ake ƙara jari, a sayi keke na biyu, a toshe ɓarnar da ba a shirya mata ba, a ci a watannin da aiki ya ja baya. Mai yara a shago ya fi kowa buƙatar rarrabewa, don in ya sallami yaron da ya yi aikin, abin da ya rage ne kaɗai nasa.

Tunda ciniki sai da tayi, ku bar ɗan wurin ragi a sama. Ku faɗi 5,500 in kun san za a taya. Amma iyakar nan ta zauna a ranku, in tayi ya faɗo ƙasa da ita, "albarka" ta wadatar.

8. Tsadar yadi tana ƙara kuɗin aiki

Zane ɗaya ne, zare ɗaya ne, amma surfani a yadin makaranta da surfani a shaddar Getzner da aka kawo daga Ostiriya ba kuɗinsu ɗaya ba. Dalilin ba son kuɗi ba ne. A mazhabar Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da ya karɓa ya keɓe da su, kuma hukuncin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. In allura ta yage shaddar yadi goma, ko dutsen guga ya ƙona ta, ko man keke ya ɗiga a gaban riga, ku za a bi. Wanda zai ɗauki wannan nauyi dole ya rage gudu, ya gwada a ƙyalle tukuna, ya sa sabuwar allura. Duk wannan lokaci ne, kuma kasada ce, sai su fito a farashi.

Yadi mai santsi ko marar kauri, irin boyel da na mayafi, shi ma yana da nasa ƙarin, don yana tattarewa a ƙarƙashin allura.

Duk yadin da aka kawo, ku warware shi a gaban mai shi. Ku auna, ku ɗaga wa haske, ku nuna tabo ko huji in akwai. Minti biyu ne, amma suna kashe rigimar wata guda.

9. Kada ku yi tsere da injin kwamfuta

A cikin Kano akwai injunan kwamfuta masu kawuna da yawa, suna buga zane ɗaya a riguna da dama lokaci guda. A ƙasashen waje da yawan sukar allura ake yi wa irin wannan aiki kuɗi, kowace dubu da farashinta. Mai jan yadi da hannu ba zai kamo su a sauri ba, kuma in ya ce zai kamo su a araha, kansa zai kashe.

Abin da kuke da shi su ba su da shi. Kuna kusa, ba sai an biya mota ba. Kuna karɓar aiki ɗaya tak. Kuna iya ƙara faɗin zane ko ku rage shi daidai ƙirjin mai riga, ku sa sunan amarya a rigar filo, ku rufe ƙunar guga da fure, ku sabunta wuyan tsohuwar riga. A irin waɗannan ne kuɗinku yake.

Ku yi ƙyallen gwaji mai mataki uku: sassauƙa, matsakaici, da cikakke, kowanne da kuɗinsa. Faɗin zane da cikarsa da yawan launi su ne ke raba su. In mai kaya ya ce kuɗin ya yi yawa, sai ku ce: "Alhaji, wannan cikakken ba zai yiwu a haka ba, amma ga wannan, shi ma zai fito da shaddar." An rage aiki ke nan, ba a rage lada ba. In kuwa aikin kwamfuta yake so, ku karɓa ku kai masa Kano, ku ɗora kuɗin mota da la'adarku a fili.

10. A gama magana kafin allura ta taɓa yadi

"Yi kawai, ai ba za mu ɓata ba" ita ce maganar da ta fi ɓata mutane. Shari'a ma ta nemi a san lada tun kafin a fara aiki. Ku tanadi littafi: suna, irin yadi da yawansa, zanen da aka zaɓa, launin zare, kuɗi, abin da aka bayar, da ranar karɓa. In hoton zane aka nuna muku a waya, a turo muku shi ku ajiye. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta.

Ku karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi zare da mai, rabi in aikin babba ne. Amma ku sani ɓangare ne na kuɗin aikin. Malaman Malikiyya ba su yarda a cinye shi don kawai mai kaya ya fasa ba. In ya fasa kafin a fara, ku mayar masa. In an riga an sayo zare na musamman ko an soma aiki, sai a zauna a cire abin da ya tafi. Kuma da zarar kun karɓa, alkawari ya hau kanku, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ku faɗa tun farko cewa sauya zane bayan an fara sabon ciniki ne, don farke surfani ya fi yin sa wuya, kuma yana barin sawun allura. In ta waya za a biya, ku ga kuɗin ya shigo kafin kaya su fita, ku kuma tuna mai POS zai cire nasa.

11. Ku san watannin garinku

Kuɗin wannan yanki da gona yake tafiya. In masara ta shigo a Doguwa, shinkafa ta cika Tudun Wada, rake ya fara fita, aljihu yakan yi nauyi, bukukuwan aure su kankama, a nemi zanen gado da labule da kayan ango. Da damina kuwa kuɗi yana wajen taki da ƙwadago. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a bakin damina, ga rago ga taki, don haka mutane da yawa sukan taƙaita ɗinki. Ƙaramar Sallah ce kasuwar mai surfani.

Tunda kun san awannin da kowane zane yake ci, kun san iyakar abin da za ku iya gamawa a azumi. Ku ƙirga, in ya cika ku rufe karɓa. Wanda ya kawo bayan an rufe yana so a tsallake layi, ya biya kuɗin gaggawa, don barcinku da ƙarin fetur zai saya. Ku sanar da wannan tun farkon wata. Wanda ya kawo da wuri kuma ku ɗan sassauta masa, shi ne zai rage muku cunkoson goman ƙarshe.

Watannin da aiki ya yi sanyi ba na karya farashi ba ne, don in ya sauka da wuya ya sake hawa. Lokacin gyaran keke ne, da koyon sabon zane, da yin kayan ajiya don kaka.

In za a biya ku da hatsi, ba laifi, amma a faɗi irinsa da yawan tiya da ranar bayarwa. Ku tuna da kaka hatsi yake faɗuwa, kada a ƙiyasta muku shi da farashin damina.

12. Sari da dillanci suna da nasu lissafin

In makarantar Islamiyya ta kawo hijabi hamsin a sa musu tambari, ko 'yan ajo suka kawo anko, ragi ya halatta, amma daga inda aka sami sauƙi zai fito. Zane sau ɗaya za a kwafa, zare ba a sauyawa, hannu yana sabawa ya ƙara sauri. Ku yi guda uku ku auna lokacinsu, sannan ku faɗi kuɗin sauran. Yawan aiki ba ya mayar da faɗuwa riba: in kuna asarar naira 100 a guda, a hamsin kun yi asarar 5,000.

Kayan da kuka yi da jarinku don sayarwa, irin zanen gado da rigunan filo da shimfiɗar jariri, ku sa kuɗin yadi har da guntayen da suka zube, sannan ribar ta ɗara ta aikin da aka kawo, don kuɗinku zai kwanta kafin a saya. In dillaliya za ta zaga da su gidaje, ku gaya mata kuɗinku, la'adarta ta hau sama, ku rubuta abin da ta ɗauka da ranar dawowa.

Masu tallar aiki a WhatsApp da Facebook su ɗauki hoto da hasken rana, ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa, su rubuta kuɗin a ƙasa. Mai saye daga Kano ko Zariya ko Kaduna ya san kuɗin aikawa a mota nasa ne.

13. Ku raba kyauta da ciniki, ku riƙa sabunta farashi

A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, faɗin kuɗi yana da nauyi. Zumunci ba abin wasa ba ne, amma in za ku yi alheri, ku yi shi da saninku. Ku faɗi ainihin kuɗin tukuna: "Gwaggo, aikin nan na dubu biyar ne. Ki kawo na zare da mai, ladan na bar miki." Ta san an yi mata kyauta, ta yi addu'a, kuma ba za ta je ta ce wa maƙwabta dubu biyu kuke yi ba. Ku ƙayyade wa kanku kyauta nawa za ku iya a wata. Bashi kuma a rubuta shi da ranar biya, wanda bai biya na baya ba kada a ɗora masa sabo.

Duk sanda kuka dawo daga sayen kaya, ku buɗe littafi ku sake lissafin zane biyar da aka fi nema. In ƙari ya kama, ku yi shi kaɗan-kaɗan, ku sanar kafin a kawo aiki: "Hajiya, daga watan gobe wannan zanen ya koma kaza, zare ya tashi." Mutane sun fi haƙuri da ƙarin naira 300 sau biyu a shekara a kan a wayi gari a ninka musu. In kayan aiki sun sauko, ku ma ku sassauta, za a riƙe muku wannan.

Inda akwai ƙungiyar teloli, ku kai mata wannan lissafi. Ba sai an ɗaure kowa da farashi ɗaya ba, tunda hannu ya fi hannu. Amma in masu surfanin gari sun san iyakar da ƙasa da ita asara ce, sabon yaye ba zai karya kasuwa cikin rashin sani ba. Maigida ma ya koya wa yaransa lissafin tare da riƙon yadi, don wanda aka yaye ya iya aska takwas bai iya faɗin kuɗinta ba, rabin sana'a aka ba shi.